Ikko zuwa Kano a Kan Ƙyaure

Daren jiya na ari tef ɗin ɗinkin Ladidi,
na durƙusa ina awon ɗakinmu na Agege.
Taku tara daga ƙofa zuwa taga.
Katifa ta cinye biyar,
keken ɗinki ya ce shi ba ya gusawa,
tukunyar gas da jarkokin ruwa sun riga ni kama wuri.
Abin da ya saura bai fi shimfiɗar sallaya ba.

Jirgin yana cikin kwalin takalmi:
kai ɗaya, tarago uku, na huɗu gurgu.
A Katangowa na tono shi cikin gwanjo.
Mai kayan ya ce na yara ne,
ban musa ba, kada kuɗi ya hau.

Babana Mantau ya tsufa yana zuba wa jirgi kwal.
Yakan jero tashoshi tsakanin loma da loma:
Iddo, Abekuta, Badun, Ilori, Jabba,
Zungeru, Minna, Kaduna, Zariya,
sai ya kurɓi ruwa kafin ya ce Kano.
Ni mai gyaran agogo ne a gindin gada,
tafiyata ba ta wuce Oshodi,
amma duk sunayen nan ina so su hau
tsohon ƙyauren da mai gida ya jingine bayan banɗaki.

Ƙafa shida tsawonsa, faɗi biyu da rabi.
Na ɗaura alli a zare, na zana kwana,
na jera dogo a kai, na saki jirgi.
Ya zo kwanar ya tuntsure kamar akuya a kan kabu-kabu.
Ashe jirgi ko na wasa ne ba ya son a matsa masa.
Na buɗe kwanar,
ta haɗiye Badun da Ilori lokaci guda.

Na goge Minna da yawu.
Kaduna na daɗe ina kallonta, can aka yanke wa Ladidi cibi,
sai da ta juya baya tana kwashe tuwo na share ta.
Zungeru na bari don daɗin sunan a baki.

Jabba kam ba ciniki.
Haƙarƙarin tsohuwar lema zai zama gada,
gwangwanin madara tankin ruwa,
jaridu da sitacin guga su tashi dutse.
Kogin Kwara ne ya hana ni barci,
har aka kece da ruwa wajen ƙarfe biyu,
yoyon da muka yi shekara uku muna kai ƙararsa
ya ɗiga tsaf a tsakiyar ƙyauren.
Na kewaye wurin da alli.
Wannan karon ban tashi neman roba ba.

Da safe Uwani, 'yar aji huɗu,
ta tsuguna da kofin koko tana duba zanen.
Ta ce, Baba, in dogon zagaye ne,
ai Kano tana manne da bayan Iddo,
wanda ya tafi da wanda ya dawo duk ɗaya.
Na ce haka kakanki ya rayu.
Ta ce to a ina za mu riƙa cin abinci?

Shi ne yanzu nake neman ƙusa huɗu manya
da igiyar shanya mai ƙwari.
Da rana ƙasar za ta rataya a saman katifa,
gada da dutse suna kallon silin,
da dare in an kawo wuta mu sauko da ita.
In ba a kawo ba, akwai batirin tocila.

Ladidi ta karɓe tef ɗinta, tana da ɗinkin biki.
Ta leƙa ƙyauren ta wuce,
ta dawo, ta sa ɗan yatsa kusa da Zariya,
ta ce, nan wurin akwai inci uku da ba kowa.